Ƙafar Hagun Roscoe Tull

Shekara huɗu Lemuel Mabry ya yi yana gudu da ƙwallo a hannu, a wasan ƙwallon Amurka, a ƙungiyar Kwalejin Tarver, kuma in za a faɗi gaskiya, bai yi wani abin a zo a gani ba. Wata Asabar ya ci yadi arba'in, wata sittin, a kayar da shi ya tashi ya kakkaɓe wando. Amma duk ranar da aka kara da Kwalejin Bledsoe, maƙwabtanmu na ƙetaren kogi, sai ka rantse wani aka sa wa rigarsa. A wasa huɗu ya ci yadi ɗari tara da 'yan kai, ya shigar da ƙwallo gidansu sau goma sha ɗaya.

Da wannan sunan ya ci abinci har ya tsufa. Shekara talatin da biyar yana sayar da tayoyin mota, rabin masu zuwa shagon kuwa ba taya ce ta kawo su ba, labari suka zo sha. Ga shi kuma gobe Asabar, kafin a take wasa da Bledsoe, za a kira shi tsakiyar fili a rataye lambar rigarsa, ba wanda zai ƙara sa ta.

Ranar Juma'a da hantsi aka yi masa waya. Odessa ce, 'yar Roscoe Tull.

"Mista Lem, Baba ne ya ce ko za ka leƙo. Wai tambaya ɗaya gare shi, kuma ba ta waya ba ce."

Roscoe shi ne mai tare tsakiya na Bledsoe a waɗannan shekaru huɗu, aikinsa kenan ya kayar da mai gudu da ƙwallo. Har yau a ƙetaren kogi in wani ya bar ƙofa a buɗe sai a ce masa, "Rufe mana, ko kai Roscoe ne?" Mutanen Bledsoe ba su da mantuwa, kara kuwa ba su san ta ba.

Lemuel ya san tambayar tun kafin ya ajiye waya. Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, ko kocinsa, ko marigayiya matarsa. Tun a wasan farko ya lura cewa kafin a saki ƙwallo, Roscoe yakan ɗan ja ƙafar hagu baya, kamar taƙi ɗaya. In ya yi haka, to ɓangaren dama kaɗai yake iya faɗawa da sauri. Sai Lemuel ya yi kamar zai bi dama, ya yanke ta hagunsa, ya bar shi yana juyi. Sirrin kenan, ba ƙari. 'Yan jarida suka rubuta cewa tsanar Bledsoe ce ke ba shi ƙarfi, shi kuma ya ƙyale su, don tsana ta fi daɗin ji.

A kan gada ya yanke shawara zai ba Roscoe labarin da yake ba masu sayen taya. Da ya sauka daga gadar ya sake shawara. Kafin ya kai gidan ya sake komawa ta farko.

Ya tarar da Roscoe zaune a baranda. Odessa ta kawo musu soyayyiyar tarwaɗa da shayi mai ƙanƙara, ta koma ciki.

"Dube shi," in ji Roscoe. "Wannan tumbin ne ya wuce ni?"

"Ai a lokacin ban haife shi ba tukuna."

"Zauna, tsoho, kada ka faɗo mini. Ba zan iya tare ka ba, ka san tarihina."

Suka yi dariya, suka ci kifi, suka zagi yaran yanzu da ba su iya riƙe ƙwallo ba. Sai Roscoe ya goge hannu, ya daina murmushi.

"Lem, na ga ka da wasu ƙungiyoyin. Kai ba kowa ba ne."

"Na gode."

"Ba zagi ba ne. Na kayar da waɗanda suka fi ka gudu, na kayar da waɗanda suka fi ka ƙarfi. Shekara hamsin ina juya abin nan. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ban san ko zan ga wasan baɗi ba. Me ka gani?"

Labarin tsana yana bakin Lemuel, a shirye, ya sha faɗinsa har ya yi santsi. In ya faɗi gaskiya, gobe zai tsaya gaban mutum dubu ashirin yana sane cewa akwai wani a ƙetaren kogi da ya san ido kawai gare shi, ba jarumta ba. Ya ji tsoro, ya kuma ji kunyar tsoron.

"Ƙafarka ce," ya ce. "Ta hagu. Kana jan ta baya kafin a saki ƙwallo. In na ga haka sai in bi ta hagunka. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don kada wani ya raba ni da ita."

Ya jira faɗa, ko dariya. Roscoe dai ya kalli titi, yana gyaɗa kai a hankali.

"Na yi zaton haka," ya ce. "Ba ɗabi'a ba ce, Lem. Gwiwa ce. Ta yage tun ina ajin ƙarshe a sakandare, na faɗo daga motar ciyawa. Da Bledsoe sun sani da sun janye gurbin karatun, ni kuwa ba ni da wata hanyar barin gonar auduga sai shi. Ranar da likitansu ya murɗa ta, na ciji harshe har ya yi jini, na ce masa lafiya lau. Ina jan ta baya ne don in rage mata nauyi."

Lemuel ya ajiye kofinsa. Ya tuna yadda yake yankewa, ya tuna Roscoe yana dasa ƙafar nan a ƙasa yana juya duk nauyinsa a kanta, sau ashirin, sau talatin a wasa ɗaya. Ya tuna wata 'yar ƙara da yake jin Roscoe yana yi ta cikin hular kwano, wadda ya ɗauka haushi ne.

"Duk ranar wasanku sai na yi kwana uku ba na taka ta," in ji Roscoe. "Amma na fita da takardata. Da ita na koyar a makaranta, da ita Odessa ta yi karatu. Ba kuka na kira ka in yi maka ba. Gobe ka je ka karɓi abinka, ni ba zan gaya wa kowa ba. Ina dai so in san ko ka san ciwo ne."

"Wallahi ban sani ba, Roscoe."

"Na yarda. To da ka sani fa?"

Lemuel ya buɗe baki zai ce da ya bar ta. Amma ya tuna kansa yana ɗan shekara goma sha tara, da takalmi ɗaya, da uwarsa mai wankin kayan mutane, da wasa ɗaya tak a shekara da ake kiran sunansa. Roscoe bai gaggauta shi ba.

"Da ta nan zan bi," in ji Lemuel.

Roscoe ya miƙo hannu ya dafa masa gwiwa.

"Da ka ce a'a, da na kore ka daga gidana," ya ce. "Ni ma da kai ne mai ciwon, nan zan dinga duka."