Gyaran da Ba Ta Roƙa Ba

Hajiya Lauratu ta sa wuƙa ta farke kwalin da ke can ƙasa, ba wanda ma'aikatan kamfanin suka turo mata ba. Haka take yi kafin kowane lodi, don a Guangzhou kwalin sama kullum na kirki ne. Ta zaro faifai ɗaya ta miƙa wa Rabe, ejan ɗinta kuma tafintanta, ta ce ya sa a talabijin ɗin shagon.

Kaya ne da ta ƙwallafa rai a kansu: tsofaffin katun na farkon silima, marasa kala, waɗanda ake rubuta waƙa a ƙasan hoto, wani ɗan farin ƙwallo yana tsalle daga kalma zuwa kalma, 'yan kallo suna bi da baki. Mahaifinta ne ke juya na'ura a wani gidan silima a Fagge, kuma ta tagar ɗakin na'urar ta fara haɗa baƙin boko tana bin ƙwallon nan da ido. Da ta ci karo da irinsu a wani bene na unguwar Xiaobei, sai ta rantse yaran Kano ma sai sun samu. Ta zauna ta zaɓi nata ɗaya bayan ɗaya, aka buga mata da sunanta ɓaro-ɓaro a bango: Lauratu Mai Faifai. Jarinta kaf yana cikin kwalayen nan.

Ga lokaci ya ƙure. Jirgin ruwa na shirin barin tashar Nansha, kuma shi kaɗai zai kai kaya kafin kasuwar Sallah. Bizarta saura ƙiris, kuma tunda ƙasar Sin ta shiga hidimar wasannin Olamfik, sabunta biza ta zama sai wane da wane.

A talabijin, agwagi suka yi rawarsu, kyanwa ta kaɗa ganga da wutsiya. Hajiya ta ce a tura zuwa ƙarshe. Nan mai kamfanin, wanda kowa ke kira Laoban, ya matso yana murza hannu, baki har kunne. Rabe ya fassara cewa Laoban ya yi mata gyara: ya ƙara katun ɗaya kyauta a kowane faifai, da ya ga na mutanen Afirka ne, ya san za ta ji daɗi.

Sai ga su. Wasu halittu baƙi ƙirin, leɓe kamar faranti, ƙashi a soke a hanci, suna tsalle irin na birai kewaye da wata ƙatuwar tukunya da Bature a ciki. A ƙasa kuwa ɗan farin ƙwallon nan, shi dai wanda ya koya mata karatu, yana ta tsallensa a kan kalmomin, yana gayyatar yara su rera.

Ran Hajiya ya ɓaci, ɓacin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne murmushin Laoban, don ba da mugunta ya yi ba. Shi har ga Allah alheri ya yi mata. Wato da ya kalli abin nan, ita ya gani.

“Tambaye shi,” ta ce wa Rabe, “a cikinsu wacece ni?”

Rabe ya yi ta kame-kame, ya faɗi wani abu gajere da Sinanci wanda ta tabbata ba shi ta ce ba. Ta ce a cire, a sake bugawa. Laoban ya girgiza hannu yana “meyo, meyo,” wato babu. Faifan da aka buga ya bugu, sabo kuma sai bayan jirgi ya tashi. Ya ɗauko kalkuleta zai yi mata ragi, ta ture ta gefe ko kallo ba ta yi ba.

Rabe ya ja ta bakin ƙofa ya shiga lallashi. Ya ce ai a can ƙarshe yake, yara nawa ne ke kai ƙarshen faifai? In ma sun kai, dariya za su yi. Ta ce dariyar ce ai ba ta so. Ba za ta ɗauki kuɗin uwa a Kano ta sayar mata da abin da zai sa ɗanta ya zauna yana rera zagin kansa ba. Ta ce ta fasa, Laoban ya riƙe kayansa, kafin alƙalamin da ta bayar ta yafe.

“Hajiya, in kin bar su ba zubarwa zai yi ba,” in ji Rabe a hankali. “Kafin la'asar wani ɗan Kano ya kwashe su a araha. Za su riga ki isa gida, da sunanki a jiki.”

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta san ma waɗanda za su saya.

Ta koma ciki, ta buɗe jaka ta biya Laoban cikon kuɗinsa cif, ba ragi. Ya karɓa da hannu biyu yana ta godiya, ya ɗauka rigima ta ƙare. Ta sa aka fito mata da kwalayen zuwa baranda, inda 'yan Mali da 'yan Ghana da Inyamurai ke wucewa da buhunansu. Ta zauna a kan ɗaya, ta gyara mayafi, ta zare faifai daga bangonsa ta lanƙwasa shi har ya ce ƙas. Ta jefar, ta ɗauki na biyu.

Mutane suka fara tsayawa. Laoban ya fito a guje yana magana da sauri, yana waige-waige kada taro ya jawo masa 'yan sanda a wannan marra. Rabe ya ce yana tambaya ne ko ta haukace.

“Ce masa kayana ne. Na biya.”

Tsinin wani karyayyen faifai ya yanke ta a babban yatsa. Ta tsotse jinin, ta naɗe hannun da gefen mayafi ta ci gaba. Tana sane da cewa hannu rabbana za ta sauka a Kano, kuma tsoron hakan yana nan daram a cikinta, amma hannunta bai tsaya ba.

Rabe ya tsuguna kusa da ita, ya tambaya me zai gaya wa mutanen Nansha, suna jiran lodi.

“Ka ce su ba wani gurbina,” ta ce. “In ka gama wayar, ka farke min kwali na gaba.”