Babur Mai Takardar Mutuwa

Mai kantin magani ya ce wa Dogo aikin kai saƙo nasa ne, in dai ya zo ran Litinin da babur mai lamba. Shekara biyu Dogo yana neman aiki, don haka ko gida bai koma ba, ya zarce garejin kawunsa.

Kawu ya yaye buhu daga kan wani jan babur. Bugu ɗaya ya tashi.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Kawu. "Sai dai ya taɓa mutuwa."

"Ya taɓa me, Kawu?"

"Babbar mota ce ta bi ta kansa. 'Yan inshora suka rubuta ba ya gyaruwa, suka sayar mini a matsayin ƙarfe. Su suka ce ya mutu, ni ban ce ba. Kai ka taɓa jin gawa na wannan gurnani?"

Dogo ya saya. Washegari ya kai takardu ofishin lamba. Ma'aikaciyar ta danna kwamfuta, ta ɗago tabarau.

"Allah ya ba ka haƙuri. Wannan ai ya rasu tun bara."

"Ranki ya daɗe, a kansa na zo. Ga shi can gindin taga."

"Ba ma ba gawa lamba."

Ya fita ya murɗa shi har gilashin tagar ya yi rawa, ya dawo ya ce ai gani ya kori ji.

"A nan takarda ce ta kori su duka," in ji ta. "Wanda ya kashe shi, shi zai tashe shi."

Wanda ya kashe shi wani dattijo ne mai duba haɗari a kamfanin inshorar, saura masa wata ɗaya ya ajiye aiki. Da Dogo ya je, dattijon ya sauko ya zagaya babur sau biyu, ya shafa tankin kamar mai gaida mara lafiya.

"Na gane shi. A kwando aka kawo mini shi." Ya juyo ga Dogo. "Ɗana, fom ɗinmu gida biyu gare shi: ya mutu, ko na yi kuskure. In na cika na biyu, za a sallame ni hannu rabbana, shekara talatin sun tafi a banza. Kuma ban yi kuskure ba, ran nan matacce ne. In na ƙi cikawa, na zalunce ka. Zaɓa mini."

Ya miƙo biro da fom. Dogo ya dubi fom ɗin, ya tuna Litinin. Ya rasa gane wanda zai yi ƙarya a cikinsu, tunda kowa gaskiya ya faɗa, har Kawu. Ya mayar wa dattijon bironsa.

Ya koma ofishin lamba gab da tashi, ya tambaya ko akwai abin da ake ba lamba ba tare da inji ba.

"Amalanke," in ji ma'aikaciyar.

"To a takarda wannan yana da inji?"

Ta duba. "Ba shi da komai."

"Taya fa?"

"Biyu sun tsira."

"Ashe amalanke ne."

Ta jawo wani fom. "Me ke jan sa? Jaki ko sa?"

"Ni."

"Babu gidan mutum."

"Sa jaki, ranki ya daɗe."

Ta buga hatimi.

Ran Litinin mai kanti ya leƙo, ya ga lamba a bayan babur, ya miƙa masa kwalin magani. Dogo ya ɗaure kwalin, ya hau, ya buga. Sai abin ya tsaya masa a rai: ya sa hannu cewa shi ke jan abin nan, ga shi abin zai ja shi. Ya fi minti biyar inji na aiki bai motsa ba.

Daga ƙarshe ya sauke ƙafar hagu ƙasa. Tun daga ranar haka yake yawo, babur na gudu, shi yana dungura kwalta da ƙafa ɗaya, don ya zama da hannunsa a tafiyar. Saƙo bai taɓa makara ba. Duk wata yakan je wurin mai takalma ya nemi na hagu kaɗai, su yi ta rigima.