Mota Biyu a Tudun Tanki

Duk ranar Talata da hantsi Lyall Brennock yakan ajiye abin da yake yi, ya hau akori-kurarsa, ya yi tafiyar kilomita goma sha ɗaya zuwa Tudun Tanki. Can yake jingina waya a jikin sitiyari, ya cire hula, ya jira fuskar Renuka ta fito.

Abin ya samo asali ne daga farin da ya yi shekara uku. A ƙarshensa babu ciyawa, babu mai sayen dabbobi, sai da Lyall ya haƙa rami ya harbe tumakinsa ɗari huɗu da hannunsa a yini guda. Daga baya ruwa ya dawo, ƙasa ta yi kore, amma shi bai dawo ba. Abinci ya daina yi masa daɗi, magana ta yi masa nauyi. Matarsa Glenys ta ja shi wurin likitan gari, likita ya haɗa shi da Renuka, wata mai sauraron masu damuwa da ke zaune a birnin Adelaide, suna ganawa ta kiran bidiyo.

A gida ma ana iya yin kiran. Sai dai gidan na katako ne, in ka yi tari a ɗaki ana ji a kicin. Lyall kuwa gara muryarsa ta karye a gaban baƙuwa da ta karye a kunnen matar da ta shekara talatin da takwas tana ganinsa a tsaye. In ba gida ba, babu inda waya ke kamawa sai kan tudun nan, tudun kuma a bakin hanya yake.

Nan matsalar take. A ƙasar nan ba a wuce motar da ta tsaya ita kaɗai. Ko da wanda ba kwa ga maciji da shi ne, za ka taka birki ka tambaye shi ruwa ne ko taya, don mutum yana iya mutuwa da ƙishirwa kafin wata motar ta biyo. Ranar Talata kuma ita ce ranar da Merv Tuohy ke shiga gari.

Merv maƙwabcinsa ne, tsoho mai shekara saba'in, tare suka yi askin tumaki tun suna samari. Mutumin kirki ne, amma in ya kama oba-obar motarsa, labarin da ya ji da safe kafin la'asar ya zaga gonaki bakwai.

Makon farko da Merv ya tsaya, Lyall ya kife wayar a kan kujera ya ce farashin ulu yake dubawa. Mako na uku ya ce injin ne ya yi zafi. Merv ya buɗe gaban mota mai lafiya ƙalau, ya ci rabin sa'a yana neman ciwon da babu, Renuka kuwa tana cikin wayar da Lyall ya rufe da hula tana jin yadda yake zagin masu ƙera motocin zamani.

"Abokin naka yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan famfon ruwa," ta ce bayan ya tafi.

"Ki yi haƙuri, likita."

"Na gaya maka ni ba likita ba ce."

"To, 'yata, duk wanda ke tambayata ko na yi barci likita ne."

Wannan Talatar ita ce ta tara. Sun yi maganar ruwan sama, sun yi maganar karyarsa da ta haihu. Sai Lyall ya shiga murza bakin hularsa. Renuka ba ta gaggauta shi ba. Wannan halin nata ne ya sa yake dawowa.

"Ranar Juma'a na buɗe akwatin bindiga," ya ce. "Babu dila, babu dabbar da ta karye. Na buɗe kawai, na tsaya ina kallo."

"Ka yi tunanin kashe kanka ne, Lyall?"

Ba wanda ya taɓa yi masa tambaya kai tsaye haka. Ya ji abin ya sauka a ƙirjinsa, da mamaki kuma ya ji nauyin ya ɗan ragu.

"Tunanin ya zo. Na rufe na fita."

"Na ji daɗi da ka rufe, na kuma ji daɗi da ka faɗa mini. Yau fa?"

"Yau da sauƙi."

"To, ga abin da nake so kafin mu rabu. Makullin akwatin nan ya bar hannunka na ɗan lokaci. Irin wannan tunanin yana zuwa ya wuce, ina so in ya zo ya tarar da akwati a kulle. Wa zai riƙe maka?"

"Ba Glenys ba. In na ba ta, ba za ta ƙara rintsawa ba."

"Maganar Glenys za mu zo kanta, sai ta sani. Amma yau mutum ɗaya nake nema."

Lyall ya duba fili ta gilashi. Mutane nawa ya sani a ƙasar nan? Duk wanda zai ba makulli sai ya ba shi dalili.

"Babu kowa," ya ce.

A madubi ya hango farar motar Merv tana hawo tudu, ƙarfen gabanta a lanƙwashe. Ya ja tsaki.

"Ga shi nan kuma. Kin gani? Abin nan ba zai yiwu ba. Mu bar shi haka, na gode da ƙoƙarinki."

Hannunsa ya kai kan wayar.

"Kada ka kife ni yau," in ji Renuka. "Ba sai ka ce masa komai ba. Ka dai bar ni a zaune."

Merv ya tsaya, ya fito yana jan ƙafarsa mai ciwo, ya dafa tagar.

"Kai tsoho, yau kuma me ya lalace? Motar nan ka kai ta gidan tarihi mana." Sai idonsa ya faɗa kan wayar. Ya dubi matar, ya dubi idanun Lyall da suka yi ja. Ya cire hularsa. "Barka da hantsi, baiwar Allah."

"Barka dai, Merv. Na daɗe ina jin muryarka."

Lyall ya ji kunya ta rufe shi har wuya. Ya buɗe baki don ya yi ƙarya, ya tarar ƙaryar ta ƙare masa.

"Sunanta Renuka. Muna magana ne duk Talata. Tun abin tumakin nan kaina bai zauna daidai ba."

"Ai na san injin nan lafiyarsa lau," Merv ya ce a hankali. "Na dai rasa ta inda zan tambaye ka ne, shi ya sa na yi ta kwance-kwance."

Lyall ya zare makullan daga jikin mota. Ƙaramin makullin ya ƙi fita daga zobe, sai da ya sa farce. Ya miƙa ta taga.

"Na akwatin bindiga ne. Ka riƙe mini."

Merv ya dube shi a tafin hannunsa. Makiyayi ne, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya sa shi a aljihun riga, ya maƙale maɓalli, ya dafa wurin.

"In dila ya dame ka, ka kira ni in zo. Dama can na fi ka saiti."

"In na ji maganar nan a oba-oba, Merv..."

"Maganar matata ma da ta yi shekara biyu tana jinya, ka taɓa ji a oba-oba?" Ya mayar da hularsa. "Minti nawa ya rage muku?"

"Ashirin da biyar," in ji Renuka.

Merv ya koma motarsa. Lyall ya zaci wucewa zai yi, sai ya ga ya ja baya kaɗan, ya daidaita ta a bayan akori-kurar, ya kashe inji. Ya ɗaga gilasai, ya buɗe fulas ɗin shayi, ya baje jarida a kan sitiyari.

Ba a jima ba motar mai kai wasiƙu ta hawo tudun. Direban ya rage gudu, ya ga mota biyu, wato mai taimako ya riga ya iso. Ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ya wuce abinsa.

Lyall ya bi motar da kallo har ta gangara. Ya share fuska da bayan hannu, ya gyara wa wayar zama.

"To, likita," ya ce. "Glenys. Ta ina zan fara?"