Gangunan Kawu Selwin

Zulaiha tana tsakiyar tuƙin tuwon shinkafa a ɗan gidan abincinta da ke unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na ƙasar China, sai ga Maijidda ta faɗo mata, ko sallama babu.

"Anti, an dawo da su. Zo ki gani da idonki."

Maijidda shekarunta goma sha shida, ubanta Bakano ne, uwarta 'yar China, kuma ba yarinya ba ce mai saurin kuka. Da Zulaiha ta ga idonta ya yi ja, sai ta miƙa wa mai taya ta aiki muciyar, ta yafa mayafi ta bi bayanta.

Abin da aka dawo da shi gangunan Kawu Selwin ne. Shi wannan bawan Allah mutumin Trinidad ne, wani tsibiri can a yankin Karebiyan, baƙi wuluk dogo, yana aikin duba injin jiragen ruwa a tashar Nansha. Ba Musulmi ba ne, ba Bahaushe ba ne, ba shi da ɗa ko jika a unguwar. Amma shekara da shekaru, duk ranar Asabar sai ya shigo jirgin ƙasa tun daga can kudu ya zo Xiaobei, ya tara 'ya'yan 'yan kasuwa a wani ɗaki da ke saman sito. Yaran nan da aka haifa a Guangzhou, a cikin jirgi a riƙa taɓa musu gashi ana ɗaukar su hoto, in an kai su Kano ko Maraɗi hutu kuma a kira su 'yan China. Shi ne ya ga suna gararamba a ƙofar shaguna da waya a hannu, ya ce a ba shi su.

Gangunan da hannunsa ya yi su, da duron mai da ya roƙo a tasha. Sai ya yanke duron, ya yi ta dukan gindinsa da guduma har ya zurma kamar tasa, sannan ya bi cikin yana lotsa shi wuri-wuri, kowace lotsawa da muryarta. In aka taɓa da ɗan sanda mai roba a baki, sai ka ji sauti garau kamar ƙararrawa. Ganga ɗaya takan ci masa watanni. Yakan gaya wa yaran cewa kakanninsa daga Afirka aka kwashe su a jirgi, Turawa suka hana su kaɗa gangar fata, suka koma dukan gora, aka hana su wannan ma, suka koma gwangwani da duro. Zulaiha ce ke kai musu abinci, ita ce ke riƙe makullin ɗakin, ɗanta Zayyad ma a can ya daina jin kunyar fatarsa.

Zuciya ce ta buge Kawu Selwin a wurin aiki. Aka ɗauki gawarsa aka kai ƙasarsu. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ce lallai sai an yi taron karrama shi, kuma shugabanta, Alhaji Tankari dillalin jakunkuna, wanda ɗakin saman siton nasa ne, ya karɓi makulli ya ce za a ɗan yi wa gangunan kwalliya kafin ranar. Zulaiha ta ɗauka tsumma za a sa a goge su. Wallahi iyakar abin da ta ɗauka ke nan.

Da ta hau saman siton, sai da ta kare idonta. Ganguna takwas jere a kan ƙafafunsu, suna walƙiya da ruwan gwal. Alhaji Tankari yana tsaye a gefe cikin shadda, baki har kunne, da mutanensa biyu suna ɗaukar bidiyo.

"Maman Zayyad, zo ki ga aiki! Garin Shiling na kai su, wurin mutumin da ke yi mini ƙarafan jaka. Kin san yadda suke da, duk a lotse, ga tsatsa a gefe, kamar an tsinto su a bola. Na ce mutumin da ya yi mana wannan hidima ba za a nuna kayansa a haka ba."

Zulaiha ta matsa ta leƙa cikin ta farko. Sumul. Ta shafa da tafin hannu. Sumul kamar cikin sabon kwanon silba, babu lotsawa ko ɗaya.

"Alhaji, ina lotsawar?"

"Ai ita ce ta ba mu wahala. Da inji aka danne su, aka gasa, sannan aka zuba ruwan. Har ɗan Chinan ya bugo mini waya, wai lawban, wato maigida, wasu kamar da gangan aka yi su. Na ce masa ka ji ka da wata magana, wa zai lotsa kayansa da gangan? Ko ɗaya ba na son gani."

Maijidda ta ɗauki sandarta, ta buga a inda ta saba farawa. Ƙwas. Ta matsa gefe ta buga. Ƙwas. Ta zagaye gangar kaf, ko'ina muryar ɗaya ce, irin ta murfin tukunya in ya faɗi.

Innalillahi!  Shekarun mutum, hannun mutum, an bi da inji a yini guda. Kuma wai don girmamawa! Mutumin da bai taɓa hawowa saman nan ranar Asabar ya zauna minti biyar ya ji abin da yaran ke yi ba, shi ne ya san abin da ya dace da gangunan.

"Alhaji, lotsawar nan ita ce kiɗan. Ita ce gangar gaba ɗaya. Ka kashe su."

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya kalli masu bidiyo, suka sauke wayoyinsu.

"Haba, Maman Zayyad, wane irin na kashe su? A nemo mai gyara mana. Garin nan akwai abin da ba a yi?"

"Mai gyaran yana kabari a Trinidad. Kuma shi da kansa ya ce ƙarfen da aka danne aka gasa haka ba ya komawa."

Alhaji Tankari ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Mutum ne da ya yi shekara ashirin yana buɗe kwali yana mayar wa masana'anta duk jakar da ya ga tabo a jikinta, har idonsa ya daina ganin komai sai tabo. Amma kuma mutum ne da a duniya ba ya ƙaunar a ce ya yi kuskure, balle mace ta faɗa, balle a gaban yaransa. Ya gyara hula, can sai ya samo dabara.

"To ai abin da sauƙi. Ba akwai kiɗan da suka yi da Sallar bara a waya ba? A sa shi a lasifika, yara su tsaya suna motsa hannu. Wa zai gane? An kama otal, an gayyaci mutane, har 'yar'uwarsa za ta kalla ta waya daga can."

"Yaran su yi ƙarya ke nan, a taron malaminsu."

"Ki kira shi abin da kika ga dama." Ya juya zai sauka, sai ya tsaya a bakin matakala. "Ɗakin nan dai kin san akwai masu son sa su zuba kaya. Don yaran na bar shi. A yi taro lafiya, a tashi lafiya, shi ke nan."

Zulaiha ta gane. Ko jariri ya gane. In ta yi shiru, yaran suna da wurin zuwa ranar Asabar, ko da babu ganga. In ta buɗe baki, sun koma ƙofar shaguna. A Xiaobei kuwa samun ɗaki kyauta da za a tara yara baƙaƙe su yi hayaniya ba wanda ya kira 'yan sanda, ba ƙaramin abu ba ne. Haka ta haɗiye, ta tara yaran ta gaya musu yadda za a yi, tana magana tana jin kunyar kanta. Zayyad ya tambaye ta ko Kawu zai yarda da haka. Ta daka masa tsawa ta ce ya rufe mata baki.

Ranar taro zauren otal ya cika. Manyan riguna, turare, lemo a kan kowane tebur, ga ƙaton hoton Kawu Selwin an rataye, an ma rubuta sunansa ba daidai ba. Aka jingine waya a kan tebur na gaba, wata tsohuwa mai farin gashi da tabarau tana kallo daga ciki, ita ce yayarsa. Mutum biyar suka yi jawabi. Kowa ya ce marigayi amininsa ne. Wani ma ya ce ɗan Jamaika ne, ba wanda ya gyara masa. Alhaji Tankari ya yaye ƙyallen da aka rufe gangunan, zauren ya ɗauki tafi da kabbara.

Yaran suka hau cikin fararen riguna. An ce musu kada su taɓa ƙarfen, su tsaya a iska. Aka kunna lasifika, kiɗan bara ya cika zauren, mai daɗi, har da muryar Kawu Selwin a farko yana ƙirga musu. Zulaiha tana tsaye a gefen dandamali kusa da wayoyin wuta. Ta ga ƙananan suna ta kaɗa iska da gaske kamar yadda aka ce. Ta ga Maijidda hawaye na zuba har haɓarta, kuma hannunta ya ƙi tsayawa a iska, dukan ƙarfen take yi da ƙarfinta, ba mai ji saboda lasifika. Sannan ta kalli wayar da ke kan tebur. Tsohuwar ta dafe ƙirji tana murmushi tana gyaɗa kai, tana jin daɗin aikin ƙaninta bai mutu ba.

A'a. Wannan kam ya yi yawa. A cuci yara, a cuci mamaci, sannan a haɗa da tsohuwar da ke can ƙarshen duniya? Zulaiha ta sunkuya ta fizge wayar lasifikar daga bango.

Kiɗan ya yanke. Abin da ya rage a zauren shi ne ƙwas, ƙwas, ƙwas na Maijidda. Sauran yaran suka dube ta, sai su ma suka sauke sandunansu a kan gwal ɗin. Zauren ya cika da ƙarar gwangwani.

"Kun ji ko?" Zulaiha ba ta nemi makirfo ba, muryarta ta isa. "Wannan shi ne abin da ya rage. Mutumin nan ya yi shekaru yana zuwa mana daga Nansha, bai taɓa karɓar ko kuɗin mota ba. A cikinku wa ya taɓa hawowa ya ji abin da yake koya wa 'ya'yanku? Da ɗayanku ya taɓa zuwa sau ɗaya, sau ɗaya tak, da ya san ba a danne gangar nan. Ba mu san aikinsa ba yana da rai, ya mutu mun lalata shi, yanzu kuma mu yi wa 'yar'uwarsa ƙarya? Ban da ni wallahi."

Wani ya ce a kama matar nan, wani ya ce a bar ta, gaskiya ta faɗa. Alhaji Tankari ya tattara babbar rigarsa ya fice ta ƙofar gefe. Zulaiha ta ɗauki wayar daga kan tebur, ta yi wa tsohuwar bayani da guntun Turancinta na kasuwa. Tsohuwar ta cire tabarau ta daɗe tana share ido. Daga nan ta ce a nuna mata yaran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗa mata sunansa. Mafi yawansu ta riga ta san sunayen.

Asabar da ta biyo baya, da Zulaiha ta isa siton, an riga an cika ɗakin da kwalayen jakunkuna har rufi, an sa sabon kwaɗo. Gangunan, in ji mai gadi, an kai su ofishin ƙungiya an jera don ado. Ta tsaya a bakin titi tana jin haushin Alhaji, tana jin haushin kanta, don ita ce ta jawo, kuma ta san ko yau aka maimaita sai ta sake fizge wayar.

Da ta juyo sai ta ga yaran a ƙofar gidan abincinta. Ba duka ba ne, iyayen wasu sun hana. Waɗanda suka zo kowa da sandunansa a hannu, sun tsaya cirko-cirko sun tare wa masu cin abinci hanya.

"Anti," in ji Maijidda, "da me za mu kaɗa?"

Zulaiha ta dube su, ta dubi ɗan shagon nata mai tebur shida, ga lokacin cinikin rana ya kusa.

"Ban sani ba," ta ce. "Zayyad, juya allon nan ka nuna an rufe. Ku tura teburan jikin bango, ku shigo."