Filafilin Bahago

Ranar da aka zaunar da Jacob a ƙofar gidan Sarkin Ruwa Dudu, kowa maganar jirgi yake yi. Hansatu kaɗai ke kallon filafilin da ke yashe a kan tabarma, ya rabu gida biyu.

Ga abin da ya faru. Jacob, ɗan maƙwabciyarta Hannah, yaron da bai wuce shekara sha huɗu ba, ya kwance kwale-kwalen gidan Hansatu ba izini, wai tsere za su yi da abokai. Ya je ya afka wa wani kututture da ke ɓoye cikin tafki, jirgi ya tsage, filafili ya karye. Basiru, babban ɗan Hansatu, ya rantse sai an kai yaron wurin 'yan sanda a Wara. Kowa kuwa ya san daga can sai gidan gyaran hali, nesa da uwarsa.

"Mu fara jin mai kaya," in ji Sarkin Ruwa. "Hansatu, mi kike so a yi?"

To me za ta ce? Jirgi ai kafinta zai toshe shi. Amma filafilin na marigayi mijinta ne. Shekara da shekaru yana tuƙi da shi har hannunsa ya ci itacen, ya bar wani gurbi mai santsi a marikin. Tun da ya rasu, in kewa ta ishe ta, sai ta faki ido ta ɗora tafinta a gurbin nan. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ina za ta iya, matar da ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba?

"Ya sassaƙo mini wani da hannunshi," ta ce. "In ban karɓa ba, Basiru ya yi abin da ya ga dama."

Gaskiyar magana, da fushi ta faɗa, kuma ta ƙudura a ranta ko da zinari ya zo ba za ta karɓa ba.

Daga ranar Hannah ta daina leƙowa hira, su da ba sa rabuwa wajen banda kifi. Sai dai ta bayan zana Hansatu kan ji saran gizago, ƙwas, ƙwas, tun safe har rana ta yi sanyi. Wani lokaci saran ya tsaya, ta ji yaron yana hura hannu. Sai ta yi tsaki ta ƙara wa rediyo murya.

Da wa'adin da Sarkin Ruwa ya ɗiba ya cika aka koma kan tabarmar nan. Jacob ya durƙusa ya miƙo filafili. Oh ni! Bakin filafilin a karkace, jikinsa duk tabon sara. Basiru ya yi dariyar mugunta. Hannah ta sunkuyar da kai, leɓenta na motsi da addu'a.

Hansatu ta karɓa don ta mayar, sai yatsunta suka faɗa wani rami a marikin. An ƙwaƙule shi da wuƙa, an goge da yashi har ya yi laushi.

"Wanga fa?"

"Inna, rannan na ga ba jirgin kike kallo ba," in ji Jacob. "Wurin nan kike shafawa. Shi ne na ce in yi miki shi."

Hansatu ta ɗago ta dube shi. Garin nan duka, har ɗan da ta haifa, ba wanda ya gani sai yaron da ya yi ɓarnar. Ta gwada sa tafinta, ya ƙi zama. Ta juya, ta sake gwadawa. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Kai, Jacob! Ai mutumin bahago ne! Ka yi mashi ramin a dama!"

Yaron ya rikice. "Sai in sake, Inna, don Allah..."

Ya miƙo hannu zai karɓa, a nan ta ga tafukansa. Duk sun yi bororo, wasu sun fashe. Haka na mijinta kan yi in ruwa ya cika, ita ce mai shafa masa man kaɗe.

"Inna, kin karɓa ko mu wuce Wara?" Basiru ya tambaya.

"Ban karɓa ba tukuna, bai ƙare ba," ta ce. Hannah ta dafe ƙirji. "Wanga rami ba wuƙa ke yin shi ba, hannu ne. Ya kankare shi. Duk ranar kasuwa shi zai tuƙa ni, har hannunshi ya ci itacen."

"Haba Inna, wannan ai aikin shekaru ne!" in ji Basiru.

"Na sani. Shi ya sa ba inda za ka kai shi."

Sarkin Ruwa ya shafa gemu ya ce an gama. Hansatu ta miƙe, ta kama yaron a wuyan hannu don kada ta fama ciwon.

"Hannah, ki biyo mu. Akwai sauran man kaɗen da na ajiye, tun rasuwar ban buɗe shi ba."