Rigar Auta a Ƙunshin Wanki

Mai Wanki ya kaɗe rigar zai shimfiɗa a teburin guga, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙuna a bakin aljihu. Ya san ƙunar nan. Dutsen gugarsa ne ya yi ta bara, ranar da gawayi ya yi tartsatsi. Rigar makarantar Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, a cikin ƙunshin da malamin ajinsu ya kawo jiya, wai a wanke a goge kafin safiya.

Ya leƙa cikin gida. Auta na tsugune tana wanke kwanuka.

"Ke, ba yau ce jarrabawar da kika ishe mu da zancenta ba?"

"Malam ya karɓe rigunanmu, Baba. Ya ce mu huta a gida."

Ba ta rufe baki ba babur ɗin malam ya tsaya a ƙofar shago. Mutum ne mai tumbi da biro uku a aljihu, ko ɗaya Mai Wanki bai taɓa ganin an cire wa murfi ba.

"Baba, an gama? Mutanen ma'aikatar ilimi sun kusa isowa."

"Wa zai sa rigunan, Malam?"

Malam ya waiga hagu da dama, ya rage murya. Jarrabawa ce iri ɗaya ga duk makarantun gwamnati, in ji shi, kuma ajin da ya faɗi, malaminsa za a kora. Shi ya sa aka aro yara daga makarantar kuɗi ta bayan layi, su zauna da sunan 'yan ajin.

"Ai gata aka yi mata, Baba. Tana kwance a gida za ta ci. Ta Auta ma 'yata ce za ta sa, kansu ɗaya."

"Au, taka tana can makarantar kuɗin?"

"To ina zan kai ta?" Malam ya yi dariya har da dafa tebur.

Mai Wanki ya tofar da yawu a kwata. Shi bai yi boko ba, amma ya yi yaron mota, ya yi dako a tasha, ya ga masu yankan aljihu kala-kala. Bai taɓa ganin wanda ya kawo wa mai aljihun reza ya wasa masa ba sai yau.

Ya hura gawayi, ya goge rigar a tsanake, har karin hannu ya fitar. Sauran ya ƙulle ya ɗora wa malam a bayan babur. Wannan kuwa ya miƙa wa Auta.

"Sa. Ɗauko fensirinki."

"Baba, kada ka yi mana haka," in ji malam. "Yarinyar nan ko sunanta sai ta yi gumi take rubutawa!"

"Wa ya koya mata?"

Malam ya juya ya hau gyara ƙunshin da ke bayan babur.

Auta ta fito tana gyara wuyan riga, ido ya kawo ruwa. "Baba, in na faɗi fa?"

Ya rufe shago, ya kama hannunta.

"Ki rubuta abin da Malam ya koya miki kawai, uwata. Kada ki ƙara masa ko ɗigo."