Sarkin Ribas a Shagon Kwamfuta

Tun daga ƙofar shagon tsohon direban ya ji ƙaryarsa ta fi ƙafarsa ta hagu nauyi, ƙafar da yake ja tun ciwon da ya sauke shi daga kan tirela shekara biyu da suka wuce. Ce wa 'yarsa ya yi laftof zai saya wa ɗanta saboda karatu. Har da ƙwalla ta yi masa godiya, ta ajiye ɗinkinta ta rako shi.

Gaskiyar kuwa tana aljihunsa, a bayan wata takardar magani. A layin asibiti ya ga wani matashi yana tuƙa tirela a cikin kwamfuta: titi ya miƙe sambal, ruwa na zuba, waifa na sharewa. Abin da ya motsa a ƙirjinsa ranar, rabonsa da irinsa tun yana neman auren marigayiya matarsa. Ya roƙi matashin ya rubuta masa sunan wasan, wai don jikansa.

Mai shagon ya ɗora laftof biyu na hannu a kan tebur.

"Wannan baƙar, Anti, karatu da rubutu duk za ta yi. Mai tsaga a murfin nan ta ɗan fi ta tsada, don tana ɗaukar gem, wasannin kwamfuta."

"Gem? Allah ya kiyaye! Yaron da sai an yi dambe yake buɗe littafi? Ba mu baƙar."

In tsohon ya yi shiru, zai koma gida da abin da ba zai kai shi ko'ina ba. In ya yi magana, me zai ce? Mutumin da duk tasha ke kira Sarkin Ribas, furfura fal kansa, ya zo sayen abin wasan yara?

"A dai gwada," ya ce, murya can ƙasa. Ya miƙa takardar ba tare da ya dubi kowa ba.

Mai shagon ya karanta, ya yi dariya. "Ai da shi nake gwaji, Baba, yana kan kowacce."

Ya buɗe a baƙar. Tirela ta fito, amma hoton sai sarƙewa yake, motar na tafiya tana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi ya yi yawa. Mai shagon ya sa ribas zai shigar da ita wurin sauke kaya, bodin ya karkace yana neman naɗe kan motar.

"Kai, ɗan nan, za ka karya mata wuya!" Maganar ta kuɓuce wa tsohon. "In bodi hagu kake so, sitiyari dama za ka fara ba shi. Matsa!"

Ya jingine sandarsa, aka nuna masa madannai huɗu. Ya taɓa, ya yamutsa fuska. "Wannan sai ka juya ta tsaya tunani. Motar kashe mutane ce. Kawo ɗayar."

A mai tsagar komai ya tafi sumul. Yatsunsa masu kanta suka yi ta kuskure, sannan suka gane hanya. Ya duba madubi, ya ba ta kaɗan, ya warware, ya sake ba ta. Ƙafar nan da ta daina jin magana ta ɗan motsa a ƙasa tana laluben kuloci. Tirelar ta zauna tsakanin layuka biyu cas, kamar an auna da zare.

Wani mai sayen caja ya tafa. Sai a lokacin tsohon ya tuna inda yake. Murmushin da yake yi ya mutu a fuskarsa. Da ƙasa za ta tsage, da ya gode mata.

"Baba," 'yar ta ce a hankali, "wa za a saya wa?"

Ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ni ne jikan, uwata. Tsofai-tsofai da ni, na yi miki ƙarya."

Ita ce ta ɓoye masa lasisinsa. Ita ce ta mayar da kujerarsa cikin gida don ya daina kallon titi, kullum tana cewa, "Ka huta, Baba." Ta sunkuyar da kai ita ma, suka tsaya kamar masu laifi biyu a gaban alƙali.

"Naɗe mana mai tsagar," ta ce wa mai shagon, tana goge ido da gefen mayafi.

"Yaron fa?" in ji tsohon.

"Ya yi karatu da ita da safe. In ya ci jarrabawa, ka ɗauke shi yaron mota."

Ya rungume kwalin da hannu ɗaya, ya hana kowa taya shi. A bakin ƙofa ya tsaya, har yanzu bai iya haɗa ido da ita ba.

"Kada mijinki ya ji."

"Sai dai in za ka ɗora ni a gaban motar, kamar da."